Attajirin da Babu Shi

Da yammacin wata Alhamis, lokacin da ma'aikata suka fara haɗa jakunkunansu, wata matashiyar injiniyar manhaja ta tsaya tana kallon allon kwamfutarta a wani ƙaramin ofishi a Abuja. A tsakiyar allon akwai ɗigo guda ɗaya, igiyoyi sun fita daga jikinsa ta kowace fuska, sun yi yawan da har burauzar ta fara sanƙarewa. Idan aka gaskata hoton, mutum ɗaya ne ya mallaki dubban kamfanoni a Panama da tsibiran Karebiyan, kuma wani ɗan kasuwar atamfa na Kano yana da alaƙa da shi. Rahoton ɗan kasuwar zai tafi banki da safiyar Juma'a. Ita ta rubuta duk umarnin da ya haifi hoton, kuma babu layi ɗaya a ciki da kwamfuta ta ce yana da kuskure.

Aikin kamfaninsu shi ne bincika wa bankuna da masu ba da rance asalin wanda za su yi hulɗa da shi kafin a buɗe masa babban asusu. Shekara uku ta yi tana kula da ɓangaren bayan fage na manhajarsu, wato sashen da mai amfani ba ya gani. Shafin da ma'aikaci yake buɗewa a burauza kamar zaure ne, inda baƙo yake tsayawa ya faɗi buƙatarsa. Bayan fage shi ne cikin gida, inda ake karɓar saƙon, a tantance wanda ya aiko, a shiga rumbun bayanai a auno abin da ya dace a fitar. Baƙo ba ya shiga rumbu da ƙafarsa. Rumbun da ta saba da shi PostgreSQL ne, mai jera bayanai a jadawali, layi bisa layi, bisa tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970. Ta san shi kamar yunwar cikinta.

Wata rana shugaban kamfanin ya zo da sabuwar buƙata. Yana son a rubuta sunan mutum a shafi, manhaja ta faɗa ko akwai wata hanya, gajera ko doguwa, da ta haɗa shi da kamfanonin ɓoye dukiya da suka fito a Takardun Panama. A nan jadawali ya fara nuna iyakarsa. Tambayar su wane ne daraktocin kamfani kaza mai sauƙi ce: a haɗa jadawalin kamfanoni da na mutane ta lambar da suka yi tarayya a kai. Amma a jadawali ba a ajiye dangantaka a matsayin abu mai zaman kansa. Duk lokacin da aka yi tambaya sai an sake ƙulla ta. Taki ɗaya haɗi ɗaya, taki huɗu haɗi huɗu ko fiye, idan kuwa ba a san yawan takun ba tun farko, sai tambayar ta koma wani dogon rubutu mai kiran kansa da kansa, wanda ko ita da ta rubuta shi ba ta son sake karanta shi bayan mako guda.

Rumbun dangantaka, wanda Neo4j ya fi shahara a cikin irinsa, ya juya lamarin. Abu biyu yake ajiyewa: gaɓa da igiya. Gaɓa ita ce mutum, ko kamfani, ko adireshi. Igiya ita ce alaƙar da ke tsakanin gaɓoɓi biyu, tana da suna, tana da inda ta dosa, kuma a ajiye take tun ranar da aka shigar da ita. Kowace gaɓa ta san igiyoyin da ke ɗaure a jikinta, don haka neman maƙwabcinta ba ya buƙatar a laluba rumbun gaba ɗaya. Haka tsohuwar da ta san dangi take yi a gidan biki: ba ta buɗe kundi, daga amarya take kama igiya ta bi zuwa uwa, daga uwa zuwa kawu, har ta iso kan baƙon da ake tambayar ɗan wane ne.

Da wannan kayan aiki aka warware Takardun Panama tun asali. Takardu miliyan 11.5 ne, nauyinsu terabait 2.6, suka fita daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca zuwa jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus, ita kuma ta raba su da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ. Sashen bayanai na ƙungiyar, ƙarƙashin Mar Cabra, ya ɗauki rumbun cikin gida na kamfanin lauyoyin ya mayar da shi gaɓoɓi da igiyoyi a Neo4j, aka ɗora manhajar Linkurious a kai domin ɗan jaridar da bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba ya danna ɗigo ya ga abin da ke maƙale da shi. Labaran farko sun fita ranar 3 ga Afrilu 2016, jaridar Premium Times tana cikin abokan aikin daga Najeriya. Bayan kwana biyu firaministan Iceland, Sigmundur Davíð Gunnlaugsson, ya sauka daga kujerarsa saboda wani kamfani mai suna Wintris da suka mallaka shi da matarsa, wanda ya sayar mata da rabinsa a kan dala ɗaya a ranar ƙarshe ta 2009. Gaɓa uku da 'yan igiyoyi suka ishe a ga labarin. A watan Mayu na wannan shekara ICIJ ta saki sunayen kamfanoni kusan 214,000 da na mutanen da ke jikinsu ga kowa, a buɗe, har da damar sauke su. Waɗannan ne injiniyar ta sauke.

Haɗa manhajarta da sabon rumbun bai ɗauke ta awa guda ba, kuma wannan sauƙin ya ruɗe ta. Neo4j yana magana da manhajoji ta wata yarjejeniyar sadarwa mai suna Bolt, wadda ta zo da fitowa ta 3.0 a Afrilun 2016, watan da takardun suka fallasa, yana kuma sauraro a ƙofa mai lamba 7687. A ɓangaren manhaja akwai ɗan ƙunshin umarni da ake kira direba, kuma sunan ya dace da shi, tunda shi yake ɗaukar tambaya ya kai, ya ɗauko amsa ya dawo. Aka ba shi adireshin rumbu da suna da kalmar sirri, ta aika tambayar gwaji, amsa ta dawo. Harshen tambayar ma, Cypher, kamar zane yake. Gaɓa tana cikin baka biyu kamar da'ira, igiya kuma kibiya ce:

MATCH (m:Mutum)-[:YANA_DA_HANNU_A]->(k:Kamfani) RETURN k

Wanda bai taɓa karanta shirin kwamfuta ba ma zai iya hasashen abin da ake nema.

Kurakuran makon farko duk masu ihu ne, irin waɗanda suke sanar da kansu. Ta sa manhajar tana ƙirƙirar sabon direba ga kowace buƙata da ta shigo. A kwamfutarta, inda ita kaɗai take gwaji, komai lafiya. Ranar da ma'aikata da yawa suka shiga a lokaci ɗaya, sai saba ta fara ja da ƙyar. Dalili shi ne direba abu ne mai nauyi: shi yake riƙe da tarin layukan sadarwa a buɗe tsakanin manhaja da rumbu, yana ara wa duk mai buƙata, yana karɓa idan an gama. Ƙirƙirar sabo kowane lokaci daidai yake da sayen mota ga kowane fasinja a yar da ita a bakin titi idan ya sauka. Direba ɗaya ake yi lokacin da manhaja ta tashi, ya zauna har ta kwanta. Abin da ake buɗewa ga kowace buƙata shi ne ɗan gajeren zama, mai arha, wanda kuma dole a rufe shi ko an yi nasara ko an faɗi, in ba haka ba layukan su ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu ya ba ta dariya daga baya. Lambobi suna fitowa a shafi a matsayin wani abu mai gida biyu maimakon lamba. Manhajarta da JavaScript aka rubuta ta, shi kuwa ba ya iya riƙe cikakkiyar lamba da ta wuce wajen tiriliyan dubu tara ba tare da ya fara zubar da ƙarshenta ba, alhali rumbun yana ajiye waɗanda suka fi haka nesa. Don kada a yi asara a ɓoye, direba yana kawo lambar a rabe biyu ya bar wa mai shiri ya yanke shawara. Ta rubuta ɗan aikin da yake juya su, magana ta ƙare.

Na ukun wani Sa'idu ne ya tono shi. Ta kasance tana manna sunan da ma'aikaci ya rubuta kai tsaye a cikin jimlar tambaya, tsakanin alamomin zance. Alamar da ke tsakiyar Sa'idu, da Mu'azu, da Asma'u, ita ce kuma alamar da Cypher yake rufe zance da ita, don haka rumbun ya karanta rabin sunan a matsayin suna, sauran a matsayin umarni, ya ƙi. Wannan sa'a ce, domin ƙofar da Sa'idu ya yi tuntuɓe a kanta ita ce ɓarawo zai bi da gangan: ya rubuta abin da ya yi kama da suna, ya rufe zancen, ya liƙa umarnin goge bayanai a baya. Maganin shi ne a bar gurbi a cikin tambaya, a aika sunan daban, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukarsa umarni ba ko me aka rubuta. Akwai riba ta biyu: tunda jimlar tambayar ba ta canzawa daga suna zuwa suna, rumbun yana ajiye tsarin da ya shirya na amsa ta, ba ya sake shiri kowane karo.

Duk waɗannan suna cikin littafin jagora, kuma duk wanda ya yi haƙuri zai wuce su. Kuskuren da ya kai ta ga yammacin Alhamis bai yi ihu ba, kuma daga son tsafta ya fito.

Da ta buɗe bayanan ICIJ ta ga suna ɗaya yana maimaituwa a layuka daban-daban, kowanne da lambarsa. Idonta na mai jadawali ya ga datti. Cypher yana da umarni mai suna MERGE, wanda ma'anarsa ita ce a nemo gaɓa mai siffa kaza, idan babu a ƙirƙira. Ta sa siffar ta zama suna. Duk layukan da suka yi tarayya a suna suka narke suka zama mutum ɗaya. Da ta shigar da sunayen waɗanda bankuna suka aiko a bincika, ta bi da su ta wannan ƙofa. Rumbun ya ragu, hoton ya yi kyau, tambayoyi suka fara samo alaƙoƙi masu ban mamaki, shugaba ya yaba.

Ɗigon da ke tsakiyar allonta a wannan yamma sunansa The Bearer. Ba sunan mutum ba ne. Akwai wani nau'in hannun jari da ba a rubuta sunan mai shi a jiki. Duk wanda takardar take hannunsa shi ne mai kamfanin, kamar takardar kuɗi. Ma'aikatan Mossack Fonseca idan sun zo gurbin sunan mai hannun jari sai su rubuta mai riƙe da takarda, da Turanci ko da Sifaniyanci, El Portador. Dubban mutane ne da ba su san juna ba, waɗanda ma suka biya kuɗi musamman don kada a san su. ICIJ ta bar su a rarrabe. Ita ta tara su ta yi attajiri guda, ta kuma mayar da kowane kamfani nasu maƙwabcin ɗan'uwansa da taki biyu kacal.

Ta bi hanyar ɗan kasuwar atamfar gaɓa bayan gaɓa. Sunansa irin wanda za a kira a masallacin Juma'a mutum goma su waiga ne, kuma akwai mai irinsa a cikin takardun, da adireshi a wata ƙasa daban. MERGE ya haɗe su. Daga wannan baƙon aka shiga wani kamfani, daga kamfanin aka faɗa cikin attajirin da babu shi, daga can aka fito a wani kamfani da sunansa ya taɓa fitowa a labarin almundahana. Taki huɗu, biyu daga ciki ita ta ƙirƙire su. Manhajar bayan fage ta karɓi wannan hanya ta matse ta zuwa kalma ɗaya, ta aika wa zaure, zaure ya kunna jar fitila.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ta bar tsawon hanyar a buɗe, ta ce wa rumbun ya bi ko taki nawa ne. Lissafin ba shi da tausayi. Idan kowace gaɓa tana da maƙwabta hamsin, taki uku ya kai 125,000, taki huɗu ya wuce miliyan shida. A irin wannan saƙa, tambayar ko akwai hanya tsakanin wane da wane kusan kullum amsarta e ce. Ko ba tare da kuskurenta ba akwai gaɓoɓi na gaskiya masu irin wannan cunkoso: bankuna da lauyoyin da suka yi wa dubban mutane dillancin buɗe kamfani, daraktocin haya da sunansu yake kan takardun kamfanonin da ba su taɓa sanin aikinsu ba, da adireshin ofishi ɗaya a Road Town na tsibirin Tortola da tarin kamfanoni suke kira gida. Mutum biyu da suka bi ta irin wannan wuri alaƙarsu ba ta wuce ta fasinjoji biyu da suka taɓa tashi daga tasha ɗaya ba.

Wani dattijon ma'aikacin sashen bincike, wanda ya yi karatun zaure kafin ya yi na akanta, yana nan bai tafi ba. Ta kira shi ta nuna masa.

"Malam, dubi abin da na yi wa bawan Allah."

Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce malaman hadisi sun sha wannan wahala tun ƙarnoni da suka wuce, domin isnadi ma igiya ce daga mutum zuwa mutum, kuma masu ruwaya da yawa sun yi tarayya a suna da sunan uba. Har fanni guda aka ware wa matsalar, Al-Khaɗib na Bagadaza ya rubuta littafi sukutum a kai, Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ, domin idan aka ɗauki amintacce aka haɗa da maƙaryaci mai irin sunansa, ko dai a karɓi ƙarya ko a zubar da gaskiya. Suna duba zamanin mutum, da garinsa, da malamansa, da ɗalibansa, kafin su ce wane ne.

"Kama da wane ba ta wane, 'yata," in ji shi. "Je ki gaya wa Oga tun kafin ya fita."

Shugaban bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja. Bankuna fitila suke saye, ja ko kore; babu jami'in da yake da lokacin bin igiyoyi. Idan kuma aka daina haɗa masu suna ɗaya, mutumin da ya buɗe kamfani uku da rubutun suna iri uku, Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a gaba, zai zauna a rarrabe, ya wuce ba a gan shi ba. Manhajar za ta riƙa samo ƙasa da abin da take samowa jiya.

"Yallaɓai, abin da take samowa jiya ni na saka shi a ciki," ta ce. "Idan bankin ya hana shi asusu, ba za su gaya masa dalili ba, shi kuma ba shi da inda zai kai ƙara."

Bai amsa wannan ba. Ya tambayi kwana nawa gyaran zai ɗauka, ya ce a riƙe rahoton zuwa Litinin.

Ta goge rumbun ta sake ginawa. Wannan karon lambar da ICIJ ta bai wa kowace gaɓa ita ce shaidarta, da ƙa'idar da ta hana lamba ɗaya ta zauna a gaɓa biyu. Mutanen da bankuna suka aiko suka samu nau'in gaɓa nasu daban. Kamancin suna bai ɓace ba, sai dai ya sauka daga matsayin hukunci zuwa matsayin zato: ya zama igiya mai sunanta, ɗauke da bayanin abin da ya yi daidai, suna kaɗai ne ko har da ƙasa da adireshi. ICIJ kanta ta rubuta gargaɗi a ƙofar rumbunta cewa mutane da yawa suna da suna iri ɗaya, kuma fitowar suna a ciki ba ya nufin an karya doka. Injiniyar ta danna amincewa da wannan gargaɗi ranar da ta sauke bayanan, ba tare da ta karanta ba.

Sauran gyaran a manhajar bayan fage ya zauna, domin rumbu ba ya sanin wace igiya ce mai nauyi. Duk abin da aka tambaye shi zai bi. Ta yanke tsawon hanya zuwa taki uku. Ta hana tambaya ratsawa ta cikin dillalai da masu riƙe da takarda da duk gaɓar da igiyoyinta suka wuce wani adadi. Ta sa wa kowace tambaya wa'adin daƙiƙoƙi, idan ta wuce a katse ta. Mafi muhimmanci, ta daina matse amsa zuwa kalma ɗaya. Manhajar yanzu tana miƙa wa zaure hanyar gaba ɗaya, kowane taki da sunansa da inda aka samo shi, igiyar zato kuma ana zana ta da layi mai tsinke-tsinke. A kan fitila suka yi ciniki da shugaban: ja ta zauna, amma ba ta kunnuwa sai duk takun hanyar daga takarda suka fito. Idan akwai zato ko ɗaya, ruwan ɗorawa ce, kuma rahoto ba ya fita sai mutum ya duba ya sa hannu. Wannan ya ƙara wa dattijon aiki, ya kuwa faɗa mata haka ba sau ɗaya ba.

Rahoton ɗan kasuwar ya tafi ranar Litinin da layi biyu: akwai mai irin sunansa a Takardun Panama, ƙasa da adireshi ba su yi daidai ba, babu wata alaƙa da aka samu. Bai san an taɓa kunna masa jar fitila ba.

Bayan ta aika, ta buɗe kundin ayyukan saba ta ƙirga rahotannin da suka riga suka fita a makonni biyun da tsohon rumbun ya yi yana aiki. Tara ne masu ja. Ta kwafe sunayen a takarda, ta ɗora na farko a sabon shafin, ta danna nema.